Night Shift na Stephen King, ba na karatun dare ba ne

Wallahi wannan littafi ya hana ni barci kusan kwana uku. Tarin gajerun labarai ne guda 20, ya fito tun 1978 a Amurka, amma har yanzu da zafinsa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne The Boogeyman, wani uba yana ba likitan ƙwaƙwalwa labarin yadda yaransa uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya saboda wani abu da ke cikin kwabar kaya, kuma abin da ya fi tada min hankali ba dodon ba ne, halin uban ne, ya bar ɗansa shi kaɗai a ɗaki don ya tsira da ransa, kai jama'a! Tun daga ranar sai na rufe wadrob ɗina kafin in kwanta.

Amma gaskiya ba duka suka yi ba. Labarin injin guga na gidan wanki da aljani ya shiga, jini kawai ya yi yawa, tsoron babu. Wasu kuma sai ka fara shiga ciki su ƙare kwatsam. Turancin ma akwai karin maganar Amurkawa da sai ka dinga duba ƙamus. Mai raunin zuciya da yara su bar shi tukuna.