Ofishin ba da shawara kan kafa ƙungiya a Gombe: yadda ya yi da mu masu son gangar ƙarfe

Wannan ofishi da ke cikin garin Gombe aikinsa shi ne taimaka wa masu son kafa ƙungiya mai zaman kanta su tsara manufofinsu, sannan ya bi musu rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Mun je ne da niyyar kafa ƙungiyar da za ta yaɗa kiɗan gangar ƙarfe, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar Tirinidad da Tobago a shekarun 1930 da na 1940 daga duron mai, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 11 ga Agusta tun daga shekarar 2023.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi gaggawar karɓar takardunmu ba. Mun rubuto buri mai yawa: koyar da yara, ƙera gangunan da kanmu, buɗe ɗakin ɗaukar sauti, da shirya gasa duk shekara a filin wasa na Pantami irin gasar Panorama da ake yi a Tirinidad tun 1963. Hajiyar da ta saurare mu ta ɗauki jan biro ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wa zai yi kowane aiki, da wane kuɗi, kuma a wane ɗaki. Duk inda muka yi shiru sai ta ja layi. Da ta gama, abu guda ne ya rage, wato koyar da ɗaliban makarantar sakandare ɗaya har su iya buga waƙa cikakkiya a gaban iyayensu. Raina bai so ba a lokacin, domin gasar ce ta fi tsaya mini a zuciya, amma hujjarta ba ta da makusa: mai ba da tallafi yana son ya ga yaran da suka koya da idonsa, kuma mutanen da ba su taɓa jin sautin wannan ganga ba ba za su cika filin wasa dominta ba.

Batun rajista ya tafi yadda suka faɗa. Sun yi mana bayanin naɗa amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da buga sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi.

Inda suka gaza shi ne sanin kayan kiɗan kansa. Sun ɗauka tunda maƙeran Gombe suna yanka duro su yi murhu da akwati, to ƙera ganga ba za ta yi tsada ba, shi ya sa suka sa mata kuɗi kaɗan a kasafin da suka tsara mana. Alhali sai an dake gindin duron da guduma ya lotsa kamar kwarya, a zana gurbin kowane sauti, a gasa ƙarfen a wuta, sannan gwani ya zauna yana ƙwanƙwasawa a hankali yana saurare har sautin ya daidaita. Wannan saiti shi ne ainihin sana'ar, kuma zafin rana irin namu yana iya ɓata shi idan an bar gangar a waje, don haka dole a tanadi kuɗin mai gyara da ɗakin ajiya mai inuwa. Haka kuma ba su faɗa mana tun farko cewa kuɗin sanarwar jarida daban yake da ladan aikinsu ba, wanda hakan bai dace da ofishin da ke koya wa mutane tsari ba.

Duk da haka ina ba masu ƙungiyoyin kiɗa da al'adu shawara su je, musamman waɗanda burinsu ya fi ƙarfin aljihunsu. Sai dai su nemi a rubuta musu dukkan kuɗaɗen a takarda kafin a fara aiki, kuma su tafi da wanda ya san farashin kayan sana'arsu domin ya duba kasafin.