Kafin ka biya kuɗin sabar gwanjo: wace babbar manhaja za ta hau kanta?

Da yawa daga cikin sabar (manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai suna yi wa sauran kwamfutoci hidima) da ke shigowa Birnin Kebbi da Gusau na hannu ne, daga Ikeja ko Kano: Dell PowerEdge R710, R720, R730, ko HP ProLiant DL380 Gen8 da Gen9. Mai ƙaramin asibiti ko cibiyar jarrabawar kwamfuta yakan fara sayen injin, daga baya ya nemi mai ɗora masa babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da injin gaba ɗaya. A ganina an sa na baya gaba. Manhajojin yanzu sun fara zaɓen injin da za su hau, kuma dillali ba zai faɗa maka ba.

Mu fara da Red Hat Enterprise Linux, don nan aka fi tuntuɓe. Fitowa ta 9, ta shekarar 2022, ta yarda da furosesa (ƙwaƙwalwar injin) na duk injinan da na lissafa. Ta 10 kuwa, da ta fito a Mayun 2025, sai furosesa mai matakin x86-64-v3, wato daga zuriyar Haswell ta Intel zuwa sama. R730 da Gen9 sun tsallake. R710, R720 da Gen8 ba su kai ba, komai yawan RAM ɗin da ka cika musu. Akwai wasu manhajoji biyu da ke bin sawun Red Hat, Rocky Linux da AlmaLinux; Rocky Linux 10 ma haka take. AlmaLinux 10 ce ta tausaya, ta fitar da wani nau'i na daban domin tsofaffin furosesa.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa: katin RAID, wanda faifan ajiya ke jone da shi. Tun fitowa ta 8 Red Hat ta cire direbobin (ƙananan manhajojin da ke sa ta gane na'ura) wasu tsofaffin katunan, irin su PERC H200, H310 da H700 na Dell. Za ka kunna, komai ya tafi daidai, sai an zo zaɓen faifai allo ya nuna wayam, alhali ga faifai shida a ciki suna walƙiya. Mutane da dama a nan suke yanke cewa an sayar musu da matacce. Lafiyarsa ƙalau. Ko dai ka sauko da direban daga ELRepo, wani rumbun direbobi a intanet, ka loda shi lokacin girkawa, ko ka koma AlmaLinux, wadda ta maido da da yawa daga cikinsu tun 8.10 da 9.4. A ɓangaren HP kuma ka kula da B120i da B140i: ba cikakken kati ba ne, aikin RAID ɗin a manhaja yake, kuma yana dogara da direban kamfani. Gara ka ƙara kuɗi a sa maka cikakken kati, P420 ko P440.

Maganar kuɗi. Red Hat rajista ce ta shekara-shekara da dala, ko da yake mutum ɗaya na iya samun ta masu koyo da gwaji kyauta har inji 16. AlmaLinux da Rocky kyauta ne, da gyaran tsaro na shekara goma. Ubuntu 24.04 LTS, wata Linux ɗin daban, tana da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta, ba ta cika ƙin tsohon inji ba, kuma a nan yankin ka fi saurin samun matashin da ya taɓa ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da sabar ta ƙi tashi ana gobe jarrabawa.

Windows Server fa? In manhajar akawunka ko ta rajistar marasa lafiya a kan Windows kaɗai take aiki, babu gardama. Amma ka sani lasisi ana lissafa shi ne da ƙwayoyin furosesa (cores), mafi ƙaranci 16 ga kowane inji, sannan ga lasisin masu shiga daban. Duk wanda ya ce zai ɗora maka Windows Server 2012 R2, ka gode masa ka wuce: Microsoft ta daina tallafinta tun Oktoban 2023, ta 2016 ma Janairun 2027 za ta ƙare. A ɓangaren Linux ma, an daina tallafa wa CentOS 7, 'yar gidan Red Hat, tun Yunin 2024.

Ni dai, in kuɗin sun kai, R730 ko Gen9 nake ba da shawara, da AlmaLinux ko Ubuntu a kai. Ka ce dillali ya turo maka hoton shafin bayanan injin (iDRAC a Dell, iLO a HP) mai nuna furosesa da kati, ka duba su a jerin na'urorin da mai manhajar ya amince da su. Ka tambayi batirin katin RAID, don shi ke tsare bayanai in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Kada kuma kasafin ya ƙare ba inbata da na'urar sanyaya ɗaki: zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankoki.