MLB.TV daga Jidda a kakar korona: ya ci kuɗinsa?

Masu son besbol (wasan ƙwallo da sanda na Amurka) a cikin Hausawan Saudiyya ba su da yawa, amma 'yan kaɗan ɗin nan sun sha jira a shekarar 2020. Da 26 ga Maris za a buɗe kakar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, korona ta hana, sai 23 ga Yuli aka fara, kuma wasanni 60 kacal aka tsara wa kowace ƙungiya maimakon 162. Gasar besbol ta yara ta duniya ma, wadda ƙungiyar garin Zahran na Saudiyya ta sha zuwa, an soke ta. Ga mai zaune a Jidda ko Makka, hanya mafi sauƙi ta kallo ita ce MLB.TV, manhajar da ke nuna wasannin gasar ta intanet in an biya.

Kuɗin kallon duka ƙungiyoyi a kakar 2020 dala 59.99 ne, wajen riyal 225, tunda dala ɗaya riyal 3.75 take. Na ƙungiya ɗaya dala 49.99. Ratar ba ta kai riyal 40 ba, don haka na duka ya fi. Dalili kuwa, a shekarar ba a san gobe ba: da cutar ta shiga ƙungiyar Miami Marlins a ƙarshen Yuli, kwana da kwanaki ba su buga ba, wanda ya biya dominsu kaɗai sai ya zauna yana kallon bango.

Babbar matsalar agogo ce. Mun riga gabashin Amurka da awa 7. Wasan ƙarfe 7 na yamma a Niyok ƙarfe 2 na dare ne a nan, kuma da yake yakan ci awa 3, ana kiran Asuba ba a gama ba. Na Kalifoniya yana farawa wajen 5 na safe. Mai daɗin lokaci shi ne wasan rana, wanda ake yawan yi ran Lahadi: ƙarfe 1 a can, 8 na dare a nan, tsakanin Magariba da Isha.

Mafita ita ce kallon maimaici, amma akwai tarko. Kafin komai a shiga saitin manhajar a kunna ɓoye sakamako, a kashe sanarwar waya. In ba haka ba, kana buɗewa za ka ga wanda ya ci, an gama maka labari. Mai sauri yana da taƙaitaccen wasa na 'yan mintuna.

Data kuma tana tafiya kamar ruwa. Hoto mai megabit 5 a daƙiƙa yana cin giga 2 da kwata a awa, wato kusan giga 7 a wasa ɗaya. A intanet ɗin gida ba damuwa. A layin waya gara a rage ingancin hoton, ko a koma sharhin rediyo, wanda shi ma yana cikin kuɗin kuma ba ya cin komai a kai. In hoto yana tsayawa, galibi mutanen gida ne suka yi wa na'urar yawa, ko an yi nisa da ita.

A kakar 2020, abin da kuɗi bai saya ba shi ne jama'a a filin wasa. Kujeru an cika su da hotunan kwali, ihun da ake ji na'ura ce ke sako shi, wani lokaci ma sai ƙwallo ta wuce sannan ya biyo baya. Wanda ya ga Harami fayau a Hajjin 2020 ba sai an yi masa bayanin irin wannan shirun ba. Sai dai shirun ya zo da ribarsa: ana jin ƙarar sanda da faɗawar ƙwallo cikin safar hannu tas.

Dokoki ma sun canza a 2020, kada sabon mai kallo ya rikice. In an yi kunnen doki bayan zagaye 9, ana fara ƙarin da ɗan wasa a tasha ta biyu, wato rabin hanyar cin maki. A 2020 da 2021 kuma, in an haɗa wasa biyu a rana ɗaya, kowanne zagaye 7 ne, amma an daina.

Ga wanda ya san wasan kuma yake da intanet a gida, MLB.TV ya ci kuɗinsa a 2020. Sabon shiga ya fara da wasan da suke bayarwa kyauta kusan kullum, rajista kawai ake nema.