Digiri na Biyu a Siyasar Ƙasashen Larabawa: Washington, Landan, Doha ko Alƙahira?

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Larabci ko tarihi ko kimiyyar siyasa, kuma yake son zurfafa bincike kan yadda ake mulki a ƙasashen Larabawa na wannan zamani, zai tarar da jami'o'i da dama suna tallata kansu, amma hajarsu ba iri ɗaya ba ce. Fannin ya sha bamban da karatun addini da aka saba zuwa yi a Azhar ko Madina. A nan ana tambaya ne me ya sa boren 2011 ya kifar da Ben Ali a Tunisiya da Mubarak a Masar alhali masarautun Jodan da Maroko sun tsira, da yadda kuɗin man fetur yake wadatar da gwamnati daga dogaro da harajin talakawa, da irin rawar da soja yake takawa a Aljeriya da Sudan. Kafin a dubi sunan jami'a, ya kamata mutum ya fara auna kansa: tsakanin harshen Larabci da dabarun binciken kimiyyar zamantakewa, a wanne ya fi rauni? Amsar wannan tambaya ce ya kamata ta nuna masa inda zai dosa.

A Amurka, wurin da ya keɓanta da duniyar Larabawa shi ne cibiyar nazarin Larabawan zamani ta Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington, wadda aka kafa a 1975. Karatun shekara biyu ne, yana haɗa siyasa da tarihi da al'adu da harkokin raya ƙasa, kuma ba a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya ci jarrabawar ƙwarewa a Larabci. Ga wanda ya taso da nahawu da sarfu a Kano ko Sakkwato wannan sharaɗi sauƙi ne babba, domin lokacin da abokan karatunsa suke kashewa a kan harshe shi zai ba da shi ga nazari da rubutu. Zama a Washington kuma yana kusanta mutum da ofisoshin jakadanci da Bankin Duniya da cibiyoyin tsara manufofi. Sai dai kuɗin makaranta da na zama suna da nauyi ƙwarai, ƙa'idojin bizar ɗalibai suna yawan sauyawa, sannan kusancin birnin da gwamnati yana sa batutuwan tsaro da muradun Amurka su yi rinjaye a muhawarorin da ɗalibi zai riƙa ji.

Birtaniya ta fi kowa saurin aiki, domin yawancin digirorinta na biyu shekara ɗaya ne. Makarantar SOAS ta Landan, wadda aka kafa a 1916 kuma ta daɗe tana koyar da Hausa ma, tana da shiri a kan siyasar Gabas ta Tsakiya, kuma an san malamanta da duba al'amura ta fuskar tarihin mulkin mallaka da tattalin arziki. Jami'ar Exeter tana da cibiyar nazarin Larabawa da Musulunci mai ƙarfi a kan ƙasashen Gulf da batun Falasɗinu. Oxford kuwa tana da shiri na shekara biyu, wanda yake jingine da cibiyar Gabas ta Tsakiya ta Kwalejin St Antony's da aka buɗe a 1957. Ra'ayina shi ne shekara ɗaya tana isar wanda ya riga ya iya Larabci kuma ya san tambayar da yake son amsawa, amma ba ta isa a koyi harshe daga tushe a kuma rubuta kundin da zai buɗe ƙofar digiri na uku ba. Mai iyali ya lura cewa tun watan Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike zalla ba, ba sa iya tafiya da mata da 'ya'ya. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin karatun shekara ɗaya, amma yana buƙatar shaidar aiki na aƙalla shekara biyu.

Zaɓin da nake ganin ba a ba shi kulawar da ta dace da shi ba shi ne cibiyar karatun gaba da digiri ta Doha a Katar, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 2015. Da Larabci ake koyarwa, ko da yake ana neman shaidar iya Turanci saboda littattafan da za a karanta, kuma tana da alaƙa da cibiyar bincike da nazarin manufofi ta Larabawa, mai gudanar da babban binciken jin ra'ayoyin jama'a a ƙasashen yankin. Amfaninta shi ne ɗalibi zai karanta kimiyyar siyasa tare da matasa daga Yaman da Siriya da Falasɗinu da Maroko, mutanen da al'amuran da ake nazari suka shafi gidajensu kai tsaye, kuma zai saba da Larabcin ilimi na zamani, wanda kalmominsa suka bambanta da na littattafan fiƙihu. Cibiyar tana bayar da tallafin karatu, abin da yake rage nauyi sosai. Duk da haka, wanda yake son bincikar siyasar cikin gida ta Katar ko ta maƙwabtanta ya kamata ya yi tunani mai kyau kan iyakar abin da zai iya tambaya yana zaune a can.

Alƙahira da Beirut suna ba da abin da babu ajin da zai iya bayarwa, wato zama cikin jama'a da jin Larabcin titi, wanda sai da shi ake hira da direba da ɗan ƙwadago da ɗan jam'iyya. Jami'ar Amurka ta Beirut, mai tarihi tun 1866, da takwararta ta Alƙahira da aka kafa a 1919, da Turanci suke koyarwa kuma suna da tsada, yayin da tsangayar tattalin arziki da kimiyyar siyasa ta Jami'ar Alƙahira ta fi araha. A nan ne batun tsaro yake zama wajibi. An kashe Giulio Regeni, ɗalibin Cambridge da yake bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago, a Alƙahira a 2016, an kuma tsare Matthew Hedges na Jami'ar Durham a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018 bisa zargin leƙen asiri kafin a yi masa afuwa. Labanan tana fama da durƙushewar tattalin arziki tun 2019, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuma ya katse karatun ɗaliban Najeriya da dama a Khartum.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, musamman ɗan Nijar, manyan makarantun Sciences Po da Inalco a birnin Paris da Jami'ar Aix-Marseille sun fi dacewa da nazarin Aljeriya da Tunisiya da Maroko, tunda yawancin takardun tarihi da binciken da aka yi a kansu da wannan harshe suke.

Saboda haka mai ƙarfin Larabci da bai taɓa karanta dabarun bincike ba zai fi amfana da shirin shekara biyu, a Doha idan kuɗi ne matsalarsa, a Georgetown ko Oxford idan ya sami mai ɗaukar nauyi. Mai digirin kimiyyar siyasa da Larabcinsa bai nuna ba ya fara ba harshen shekara guda a Alƙahira ko Amman ko Rabat kafin ya nemi gurbi. Ko wanne aka zaɓa, a duba jerin malaman sashen tun kafin a biya kuɗin neman shiga, a tabbatar akwai wanda yake rubutu kan ƙasar da ake son nazari kuma zai kasance a bakin aiki a shekarar, sannan a rubuta masa a tambaye shi ko zai duba kundin.