Rage Ƙiba ko Na'urar CPAP ga Mai Ɗaukewar Numfashi a Barci

Na'urar CPAP, wadda ake ɗaura bututunta a hanci lokacin barci, tana hura iska ta buɗe maƙogwaro tun daren farko, amma ba ta warkarwa: da an ajiye ta, minshari da shaƙewa sun dawo. A Damagaram sai an tanadar mata batir saboda ɗaukewar wuta, da hunturu kuma hanci kan bushe in tankinta mai jiƙa iskar ba ruwa.

Rage ƙiba kuwa tushen ciwon yake taɓawa, sai dai a hankali. Mai kilo 100 in ya sauke 10, ɗaukewar numfashin kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda numfashinsa ke ɗaukewa sau 40 a awa ya koma wajen 30, ciwon na nan da ƙarfinsa. In ƙanƙantar muƙamuƙi ce sanadi, ramewa ba ta wadatarwa. Kada a bar na'urar sai likita ya sake gwajin barci.