Gwajin t ko Anoba? Amsa ga ƙaninmu mai gwajin albasa a Aliero

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗalibin aikin gona ne a ajin ƙarshe, ya dasa albasa fangali goma sha biyu a wani lambu a bayan garin Aliero. Huɗu ya zuba musu takin gida, huɗu takin zamani NPK, huɗun ƙarshe ya haɗa musu biyun. Ya tone, ya auna. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ya yi Anoba (ANOVA, lissafin da ke kwatanta matsakaicin rukunai da yawa a lokaci guda), shi kuwa gwajin t ya iya, wanda ke kwatanta matsakaicin rukuni biyu, shi ne yake tambayar abin da zai hana shi yin gwajin t sau uku, bibbiyu, ya huta.

Malaminka yana da gaskiya. Amma kada ka ɗauka Anoba wata aba ce daban da ba ka sani ba. Ita da gwajin t uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Duka biyun suna farawa da hasashen cewa babu bambanci, wato takin nan duk ɗaya ne, abin da ka gani a sikeli dace ne kawai. Ka fi ni sanin cewa fangali biyu da aka ba taki iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, ba za su ba da nauyi ɗaya ba. Wannan ƙasarsa ta fi yashi, wancan ƙwari sun taɓa shi. To tambayar da gwajin t ke yi, ita Anoba ke yi: tazarar da ke tsakanin rukuni da rukuni, ta fi wannan hawa da saukar da ke cikin kowane rukuni, ko kuwa ta nutse a cikinsa?

Tunda ba ka kawo alƙalumanka ba, bari in ƙirƙiro nawa don misali kawai. A ce takin gida ya ba da kilo 18, 20, 22, 20, matsakaici 20. NPK ya ba da 22, 24, 26, 24, matsakaici 24. Haɗin ya ba da 23, 25, 27, 25, matsakaici 25.

Da takin gida da NPK kaɗai ka gwada, gwajin t ya wadatar. Tazararsu kilo 4 ce, t zai fito 3.46, teburin t kuwa, mai nuna lambar da sai an wuce ta kafin a ce akwai bambanci, 2.447 yake nema a matakin kashi 5 cikin 100, ka ga an wuce. In ka ɗauki waɗannan rukunai biyun ka saka su a Anoba, lambar da take fitarwa, wato F, za ta fito 12. Ninka 3.46 da kanta, za ka tarar da 12 ɗin nan, sai ɗan gutsuren da yanke lamba ya jawo. Kullum haka ne: a kan rukuni biyu, F shi ne t sau t, ƙimar p ɗinsu ma, wato yiwuwar samun tazara mai girman wannan ko fiye in dace ne kawai, ɗaya ce.

Inda hanya ta rabu shi ne zuwan rukuni na uku. Duk lokacin da ka yi gwaji a matakin kashi 5, ka yarda ke nan cewa ko da babu bambancin komai, sau ɗaya cikin ashirin lissafi zai ce maka akwai. A gwaji ɗaya wannan kasada ce da aka saba ɗauka. Rukuni uku kuwa gwaji uku suke bukata, yiwuwar aƙalla ɗaya ya yaudare ka sai ta doshi kashi 14. Rukuni huɗu gwaji shida ne, ta kai wajen kashi 26. Rukuni biyar gwaji goma, wajen kashi 40. Lissafin shi ne ka ninka 0.95 da kanta sau adadin gwaje-gwajen, ka cire daga 1. Kiyasi ne, don gwaje-gwajen na cin abinci a akushi ɗaya, amma ya nuna inda aka dosa. Kamar mai homa ne a kogin Matan Fada na Argungu: yawan nutso na ƙara masa damar ɗago wani abu mai nauyi, ko da kututture ne ba giwan ruwa ba.

Anoba tambaya ɗaya take yi a kan rukunan gaba ɗaya, don haka kasadar na nan a kashi 5. A misalinmu matsakaicin duka fangalin 23 ne. Warwatsuwar da ke tsakanin rukunai ta ba da 56, a raba 2 (rukuni uku a cire ɗaya), ya zama 28. Wadda ke cikin rukunai ta ba da 24, a raba 9 (fangali goma sha biyu a cire rukuni uku), ya zama 2.67. Raba 28 da 2.67, F ya fito 10.5, teburin F kuwa a mahaɗar 2 da 9 yana neman 4.26. Akwai wata riba da ɗalibai ba su cika lura da ita ba: gwajin t da fangali takwas kaɗai ya auna hawa da saukar lambun, Anoba kuwa da duka goma sha biyun.

Ka san ma a gona aka haifi Anoba, a kan tambaya irin taka. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tarar da tarin bayanan gwajin taki a kan alkama da aka fara tun 1843, a can ya gina hanyar. Harafin F ɗin ma don girmama shi aka sa. Gwajin t ya girme ta: William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya buga shi a 1908 da sunan aro, don yana fama da samfura 'yan kaɗan.

Sai dai Anoba na da iyakarta. Ta gaya maka takin ukun ba duka ɗaya ba ne, ba ta gaya maka wane ya fi wane ba. Nan ne za ka bi bayanta da gwajin Tukey, wanda ke kwatanta bibbiyu kamar yadda ka so tun farko, amma yana riƙe da kasadar duka a kashi 5. A misalinmu, sai tazara ta wuce kilo 3.2 kafin ya yarda da ita. Takin gida da NPK kilo 4, ta wuce. Takin gida da haɗi kilo 5, ta wuce. NPK da haɗi kilo 1, ba ta kai ba. A sashen aikin gona za ka ga an fi yin gwajin Duncan, wanda shi ma bibbiyu yake kwatantawa. In shi malaminka ya zaɓa, bi shi, amma ka sani ya fi Tukey saurin cewa akwai bambanci, ni kuma Tukey nake ba ɗalibi shawara.

Kada ka rubuta cewa NPK da haɗi ɗaya ne. Abin da ka samu shi ne fangali huɗu-huɗu ba su isa su raba su ba. Kuma ka rubuta tazarar da kilo a gefen ƙimar p, don manomin da zai kai albasa kasuwar Jega kilo da kuɗin buhun taki yake lissafawa.

Sharuɗɗansu kusan ɗaya ne: kowane fangali ya tsaya da ƙafarsa, alƙaluma kada su karkace sosai gefe guda, warwatsuwar rukunan ta yi kusa da juna. In warwatsuwa ta sha bamban akwai gyaran Welch, in alƙaluma sun karkace akwai Kruskal-Wallis a madadin Anoba. Manhajojin lissafi na SPSS da R duk suna yin su. Gwajin t kuma na da wurin da ya fi dacewa: in ka auna buhunan albasa kafin ajiya, ka sake auna su ɗin dai bayan wata uku, gwajin t na tagwaye za ka yi.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba zaɓin gwaji ba ne. Ba ka faɗi yadda ka raba takin a fangalin ba. In huɗun takin gida duk suna jere a ƙarshen lambu inda ruwan injin ke isa a makare, na NPK kuma suna bakin rijiya, to F zai iya fitowa babba alhali ruwa ka auna, ba taki ba. Babu lissafin da zai raba maka su bayan an tone. In da ƙuri'a ka raba, Anoba mai hanya ɗaya ta ishe ka. In kuwa ka yanka lambun layi huɗu daga rijiya zuwa nesa, kowane layi da takin ukun a cikinsa, to dole layukan su shiga lissafi a matsayin shinge, lambar da ake raba warwatsuwar cikin rukunai da ita ta sauka daga 9 zuwa 6, lambar da tebur ke nema ta koma 5.14.

Zana mana taswirar lambun a takarda, ka nuna inda rijiya take da takin da kowane fangali ya samu, ka turo tare da nauyin goma sha biyun kafin ka buɗe kwamfuta.