Furofayil na intanet ko wanda aka auna maka: amsa ga mai buga sitika

Malam, ka ce kana buga SAV, wato sitikar roba mai gam, da inji mai hed (kan da ke fesa tawada) XP600 da tawadar eco-solvent, jan tambarin kwastoma yana fito maka ruwan goro, ruwan toka kuma yana karkata zuwa kore, kana tambaya ka sauko da furofayil kyauta ko ka biya a zo a auna maka naka. To bari na jera maka su, amma tun farko ka sani furofayil ɗin ICC ba na injin kaɗai ba ne, bayani ne na yadda injinka da tawadarka da wannan sitikar da adadin pass ɗin da kake bugawa (sau nawa hed ke bi ta wuri ɗaya) suke fitar da kala idan sun haɗu. Ka sauya ɗaya daga ciki, lissafin ya tashi.

Na kyauta iri biyu ne. Akwai wanda dillalin inji ya saka maka a Maintop ko PhotoPrint, wato manhajar RIP da ke tura aiki zuwa inji, ranar da ya haɗa injin, akwai kuma wanda kamfanonin sitika irin su Orafol da Avery Dennison da 3M suke ajiyewa a shafukansu. Na kamfanonin yana da kyau sosai, matsalar dai an yi su ne don injinan Roland da Mimaki da Mutoh da HP da Epson, kowanne da tawadarsa ta asali. Kai kuma injinka na Chana ne, tawadar jarka kake zubawa, da wuya ka samu naka a jerin. Ka ɗauko na Roland ka ɗora wa XP600 ba abin da zai gyaru, wataƙila ma ya ƙara lalacewa. Na dillali kuwa galibi guda ɗaya ne ake bugun komai da shi, fuleks (ledar bana) da sitika mai ƙyalli da mara ƙyalli, alhali fuleks yana ɗaukar tawada fiye da sitika, shi ya sa za ka ga baƙi ya kwanta jage-jage ya ƙi bushewa, bayan an yanka gefen sitikar ya nannaɗe don sinadarin tawadar ya ratsa ya sassauta robar da gam ɗin.

Wanda ake auna maka aiki ne mai matakai, kuma ina so ka san su don kada wani ya karɓi kuɗinka ya yi rabi. Da farko a rage iyakar tawadar kowace kala, C (shuɗi-shuɗi) da M (magenta, ja mai karkata zuwa ruwan hoda) da Y (rawaya) da K (baƙi), har inda ƙarin tawada ba ya ƙara ƙarfin kalar. Sai a daidaita hawan kowacce daga 0 zuwa 100 yadda kashi 50 zai fito rabi na gaskiya, a nan ne ruwan tokarka mai kore zai fara gyaruwa. Sai jimlar tawada: kaloli huɗu a cike 400% ke nan, babu sitikar da za ta ɗauki wannan, ana buga gwaji a duba inda ta fara jiƙewa ko kala ta fara tsallakawa cikin wata, a tsaya ƙasa da nan. Daga ƙarshe a buga takardar ƙananan murabba'ai masu kala sama da 1,000, a bari ta bushe, a bi ta layi-layi da na'ura irin i1Pro ta X-Rite. Duk wanda ya zo da ido kawai yana jan layi a kwamfuta, gyaran ido ya yi maka, ba awo ba. Bambancinsu kamar rigar kanti ne da ɗinkin telan da ya gwada ka.

Ta fuskar kuɗi na kyauta ya yi nasara, ba musu. Amma shi na awo yakan rage tawadar da kake zubarwa a banza, kuma aikin da kwastoma ya dawo da shi ya ce ba kalarsa ba ce, kai za ka sake bugawa daga aljihunka. Rauninsa shi ne ba ya yafiya: ranar da ka sauya kamfanin tawada ko ka koma 4 pass daga 6 pass ko aka sa sabon hed, sai an sake dubawa. Idan kai mai sayen duk sitikar da ta fi araha a kasuwa ne kowane wata, kuɗin awon zai tafi a banza.

Ni a ganina, idan aikinka sitikar biki ne da kalandar siyasa da ta bayan adaidaita sahu, na dillali ya ishe ka, ka dai rage masa tawada. Idan kuwa ka fara samun aikin banki ko makaranta ko naɗe motar kamfani, inda ja ɗaya suke so yau da bayan wata shida, ka tsayar da sitika ɗaya da tawada ɗaya ka biya a auna.

Kafin ka kira kowa dai ka buga gwajin nozil, wato ƙananan ramukan hed da tawada ke fita, don jan da ke komawa ruwan goro sau da yawa magenta ce take tsallake layi, musamman da ƙurar hunturu, kuma babu furofayil ɗin da ke gyara toshewar hed. Ka duba fayil ɗin ma, idan mai zane ya turo RGB (tsarin kalar allon kwamfuta) daga CorelDraw ba furofayil a jiki, ka gaya wa RIP ɗin ya ɗauke shi a sRGB, furofayil ɗin RGB na gama-gari. Hitar injin ka riƙe ta wajen digiri 40 zuwa 45, kuma ka bar bugun ya sha iska aƙalla awa 24 kafin laminetin. Turo mana hoton gwajin nozil ɗin da sunan tawadar da kake sawa mu gani.